Makin Bidi

Na'urar Ma'auniya ta gama lissafinta da hantsi, babban allon da ke shawagi a saman filin sukuwa na Birnin Rima ya haska. Sunayen dawakai tamanin suka jeru, kowanne da makinsa.

Injiniya Ramlatu ce ta ƙera na'urar, ta kuwa ci shekara tara a kanta. Ƙwayoyi ne ƙanana kamar gero ake maƙalawa a linzami da kofato, suna auna bugun zuciya da faɗin taku a duk gwajin da doki ya yi. Ma'auniya ta tattara, ta ba da maki cikin ɗari. Shekara uku ba ta taɓa kuskuren wanda zai ci ba, har hukumar filin ta kafa doka: dokin da ya gaza arba'in, in bai ci tseren ƙarshen shekara ba, a kore shi daga barga, a kai shi gonakin bayan gari.

A can ƙasan allon aka rubuta: Bidi, 38. Dokin mahaifin Ramlatu ke nan, Malam Tanimu, wanda ya raine shi tun yana ɗan duƙushi.

Ta same shi a barga yana jiƙa wa dokin kanwa. Ta ce, “Baba, wallahi ba ni da yadda zan yi. Na'ura ba ta san uba ba.”

“Ita dai ta auna abin da na nuna mata,” in ji tsohon, ko ɗagowa bai yi ba. “Ke a tsammaninki zan saki Bidi gaban mutane? Baki fa? Duk gwajin nan riƙe nake da linzaminsa.”

“Haba Baba, shekara uku kana yi wa na'urata ƙarya?”

“Ba ƙarya ba ce, rufin asiri ne. Kakanki ma haka ya yi. Wancan allon naki, akwai bakin da ya kai shi girma a garin nan?”

Haushi ya kama ta, ga dariya na cin ta. Kwamfutoci dubu, tauraron ɗan'adam biyu, tsoho ɗaya da hannun hagu ya mai da su wawaye!

“To ran Asabar, ranar tseren, sai ka sake shi, ko su tafi da shi,” ta ce.

Ya daɗe yana shafa gezar dokin. “Allah Ya tsare shi da idon jama'a,” ya ce.

Ranar Asabar, Ma'auniya ta zaɓi dokin da ake kira Akawal, mai maki casa'in da huɗu. Malam Tanimu ya hau Bidi da kansa, da tsohon sirdinsa mai faci. Zagayen farko yana baya. A na biyu Ramlatu ta ga hannunsa na hagu ya sassauta, sai lambobin da Ma'auniya ke nunawa a gilashin idonta suka haukace: sittin, tamanin, casa'in da tara. Bidi ya wuce Akawal kamar a tsaye yake. Ba ta san ta hau kan kujera tana ihu ba: “Babana ne! Babana ne!”

Bidi ya zauna a bargarsa. Amma labarin linzami ya bazu, kafin wata ya ƙare kowane mai doki a Birnin Rima ya koyi riƙe nasa a wurin gwaji. Dawakai tamanin duk suka koma 'yan talatin da wani abu. Hukuma ta soke dokar, ta kashe allon, ta sallami Ramlatu da takardar godiya.

Ranar da ta kwaso kayanta, barga ta nufa. Tsohon ya miƙo mata ƙwaryar kanwa. Ta durƙusa ta riƙe wa Bidi yana sha.

“Baba, tsakaninmu, iya gudunsa ke nan?”

Ya waiga dama da hagu, ya rage murya. “Ban gama sakinsa ba.”