Wanda Ya Hana Ƙararrawa Mutuwa

Ƙarfe goma na safe mai maɗaba'a ya buɗe ambulan, ya baje shafuka talatin da biyu a kan tebur, ya ce Kawu ya yi musu kallon ƙarshe kafin a ɗora a inji. Kawu ya gyara tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. Da ya zo na ƙarshe sai ya tsaya cak.

"Wannan ba hannuna ba ne," in ji shi.

Shekara ashirin da shida Kawu yana zana littafin Ƙararrawa, jarumin nan mai jar alkyabba da ke tsalle daga rufin bene zuwa rufin bene, wanda ba ya taɓa dukan ɓarawo sai ya fara kaɗa masa ƙararrawar da ke ƙugunsa. Wannan fitowa ta ɗari da ashirin ita ce ta ƙarshe, domin hannun Kawu ya fara rawa. Shafin ƙarshen, inda gada ta rufto wa jarumin ya cika, wata biyu ya yi yana fama da shi, kullum da sassafe kafin rawar ta tashi. Ko da bindiga aka tsare shi ba zai iya sake zana shi ba. Ga shi wani ya ɗauke, ya sa nasa: Ƙararrawa ya ɗaga gadar da hannu ɗaya, yana murmushi abinsa.

Kawu ya kira 'yar ƙanwarsa, sufeton 'yan sanda. Ita dai ba ta taɓa karanta ko shafi ɗaya ba, tana ganin mai kama ɓarayin gaske ba shi da lokacin na takarda. Amma yadda ta ji muryar tsohon a waya ya sa ta bar shayinta ya huce, ta garzayo maɗaba'a.

"Ƙarfe huɗu zan kunna inji, ranki ya daɗe," in ji mai maɗaba'a. "Abin da na samu a tebur shi zan buga."

Sufeto ta ɗora shafin bogin kusa da na talatin da ɗaya. Aikinta ya koya mata duba alamar fuska kafin komai.

"Kawu, a nan tabonsa a girar dama yake. A na bogin ya koma hagu."

"To ɓarawon ya tafka kuskure."

"Wataƙila. Su wa suka ga ainihin shafin?"

Mutum uku ne. Ranar Asabar da ta wuce Kawu ya nuna musu shafin a shagon littattafan da ke ƙasan ɗakin zanensa, kuma jiya da yamma dukansu sun hau sama lokacin da ambulan ɗin ke kan tebur: mai shagon, da shugaban ƙungiyar masoya, da mai sharhin jarida da ake kira Reza.

Ta samu biyun farko a shagon. Mai shago, mace mai fara'a, tana manna sanarwar fitowar ƙarshe a jikin gilashi.

"Ni da nake jira ya mutu?" Ta fashe da dariya. "Ƙanwata, ranar da jarumi ya mutu ake layi har titi. Zane kuwa, ko kaza na zana sai an tambaye ni mene ne."

Shugaban masoya likitan haƙori ne mai shekara arba'in da biyar da ɗan tumbinsa, ya zo sanye da jar alkyabba a kan farar rigar aiki. Wannan ya iya zane, shi ke yi wa ƙungiya riguna. Kuma bai ɓoye ba cewa jiya ya hau ya roƙi Kawu har da ƙwalla.

"Mun tara sa hannu ɗari bakwai! Ƙararrawa namu ne, yallaɓiya. Shi dai kawai zana shi yake yi."

Sufeto ta ce, "Allah Sarki, ashe ɗan aikinku ne. Tambaya ɗaya gare ku duka. Tabon fuskarsa, a wace gira yake?"

"Dama," suka haɗa baki. Likita har ya ɗan ji haushi. Ya nuna tasa girar ta dama, inda ya ja layi da jan biro, ya fara bayanin yadda shi da wani reshen ƙungiya suka daina gaisawa a kan ko Ƙararrawa zai iya ɗaga jirgin ƙasa. Sufeto ta sulale ta bar shi yana yi wa kantar shagon lacca.

Ofishin Reza ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen barandar gidan jarida: tebur, fanka mai ƙara, da wani dogon kabad na ƙarfe a kulle. Siririn mutum ne mai tsuke baki kamar ya tauna lemon tsami. Shekara goma sha biyar duk fitowar da Kawu ya yi sai ya yi mata kaca-kaca a shafinsa.

"An sace? Madalla, an rage wa duniya shara," in ji shi. "Sufeto, ki duba abin nan da idon basira. Ƙato ya sa wandon roba, duk matsalar gari sai naushi. Talauci naushi, rashin ruwa naushi. Mata kuwa aikinsu su rataye a bakin rufi suna ihu. Wane mai hankali ne zai kaɗa wa ɓarawo ƙararrawa kafin ya kama shi? Ku haka kuke yi?"

"Muna da jiniya," in ji Sufeto.

Bai kula ta ba. "Sannan masoyan! Magidanta da furfura, an kashe musu mutumin takarda suna zaman makoki, alhali a irin littattafan nan ba wanda ya taɓa mutuwa ya wuce wata uku."

"Jiya ka hau wurin Kawu?"

"Hira na je yi da shi. Ya shiga ciki shan magani, na jira, muka gama, na tafi."

Ta miƙa masa shafin bogin. Ya goge tafinsa a wando tukuna, ya karɓa ta gefe-gefe da kan yatsu. Ya duba, ya ce, "Ba laifi."

"Tabonsa a wace gira yake?"

"Ina ruwana da tabon mutumin takarda?" Bakinsa ke nan. Yatsansa kuwa ya riga ya tashi ya shafi girarsa ta hagu.

Sufeto ta fita baranda ta kira Kawu a waya, ta same shi a ɗakin zanensa, ta ce ya jawo kwalin tsofaffin fitowa daga ƙarƙashin tebur ya buɗe na farko-farko. Ta ji ƙarar takardu, ta ji atishawa biyu, sannan salati.

"Hagu ne, 'yar nan! Har fitowa ta takwas hagu ne. Daga ta tara na mai da shi dama, wallahi ban ma sani ba."

"Wa ke da waɗannan takwas ɗin?"

"Kwafi ɗari biyu-biyu muka buga lokacin. Ko mai shago ba ta taɓa ganinsu ba."

Ta koma ciki ta ja kujera ta zauna, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Malam Reza, na zaci ɓarawon kuskure ya yi. Ashe gyara ya yi. Likita da mai shago jarumin yanzu suka sani, da su ne da tabon na dama. Wanda ya zana wannan tun fitowar farko yake tare da shi, kuma tabon nan ya daɗe yana ci masa rai. Ka ce shara ce, amma sai da ka goge hannu kafin ka taɓa. Shekara goma sha biyar ba shafin da ya tsira daga bakinka, yau ka ga guda ka ce ba laifi. Buɗe kabad ɗin nan."

Reza ya dubi kabad ɗin. Ya laluba aljihu ya fito da makulli.

Fitowa ɗari da goma sha tara ne jere reras, kowace kwafi biyu, ɗaya na karatu ɗaya na ajiya, kowanne cikin ledarsa da kwali a baya. A saman su duka ga shafin Kawu, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ko lanƙwasa babu.

"Da shi na koyi karatu," in ji Reza, murya ƙasa-ƙasa. "Ina ɗan shekara tara. Duk abin da na rubuta a jarida gaskiya ne, shirme ne tsantsa. Amma da na ga gadar nan a kansa, kwana biyar ban iya cin abinci ba."

Saura kwata huɗu ta shigo maɗaba'a, shafi a hannu, ɓarawo a baya yana tafe kamar kazar da ruwa ya daka. Kawu ya karɓi shafinsa da hannu biyu masu rawa, ya daɗe yana kallo, ya share ido da gefen riga. Sannan ya ɗauki na bogin ya kai shi kusa da fitila.

"Kawu, in ka ce a rubuta ƙara, yanzu zan rubuta," in ji Sufeto.

"Dakata tukuna. Kai, wa ya koya maka zana naɗin alkyabbar nan?"

"Kai ne, Baba. Tun ina yaro nake kwaikwayonka a bayan littafin lissafi."

"Inuwar ƙarƙashin gadar ta yi nauyi. Babban yatsan kuma kamar ayaba." Kawu ya miƙa wa mai maɗaba'a nasa shafin. "Buga wannan. Yau Ƙararrawa ya mutu, ni na haife shi, ni zan binne shi." Ya juyo ga Reza, idonsa na ƙyalli. "Amma an ce wani masani ya ce a irin littattafan nan ba wanda ke wuce wata uku a kabari. To ka ji wa'adinka. Fitowa ta ɗari da ashirin da ɗaya kai za ka zana, ka san yadda za ka fito da shi daga ƙarƙashin gadar."

Reza ya ƙura wa zanensa ido. Da ƙyar ya ce, "To shafina na jarida fa?"

"Ni zan riƙe maka," in ji Kawu, baki har kunne. "Hannuna ne ke rawa, yaro. Bakina lafiyarsa lau."