Girkin Hannu Ɗaya

Ranar da firjin gidan su Auta ya mutu, ita ma ba ta tashi da daɗin jiki ba. Abba ne ya kira mai gyara, ya nuna masa kicin, ya koma falo wurin rediyonsa.

Mai gyaran ya buɗe ɓangaren ƙanƙara, sai ya tsaya. Ya shiga gidaje da yawa, ya ga firji iri-iri, har wanda aka mayar ma'ajiyar takalma, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ƙananan robobi ne jere reras, kowace da takarda manne a murfinta. Wata an rubuta “Na gaji”, wata “Na gaji sosai”, ta can ƙarshe kuwa “Kada a yi min magana”.

Dariya ta ƙwace masa.

“Malam, gyara aka kira ka ko karatu?”

Ya waiwaya. Auta ce jingine da ƙofa, siririya, idanunta manya, hannuwanta biyu sanye da safa. Sukudirebar da ke hannunsa ta faɗi, kuma har yau bai yarda cewa ganinta ne ya jawo ba.

“Ina da sikila,” ta faɗa kai tsaye, ganin yana kallon safar. “Sanyi ne ba na so, shi ya sa.”

Haka ta saba, ta faɗa tun da wuri, mai gudu ya gudu kafin a saba. Ta ce ranar da ta tashi da ƙarfi takan dafa wake da romon kaza, ta yanka albasa, ta raba su kashi-kashi ta daskarar, saboda ranakun da ko tsayuwa gagararta take yi.

“Ƙarfina na sati uku ne a cikin firjin nan, Injiniya. Idan ya narke, na shiga uku.”

Aikin rabin awa ne, amma sai da ya kwashe awa biyu yana kwance wannan yana ɗaura wancan. Da azahar ta yi ya zaro biskit da lemon kwalba daga jakar kayan aikinsa.

“Wannan ne abincin ranarka?”

“Da na safe ma.”

Ta girgiza kai, ta ja kujera gaban murhu ta zauna. Ta juye roba ɗaya ta romo a ƙaramar tukunya, ta kakkarya taliya a ciki, ta datsa alayyahu da almakashi, ta fasa ƙwai ta rufe. Minti goma ta miƙa masa kwano yana tururi, haɗe da faɗan da bai roƙa ba a kan masu wasa da cikinsu.

“To, Likita, na ji,” ya ce yana siɗe cokali.

Da wannan sunan ya ajiye lambarta, duk da cewa ita tabarau take sayarwa a wani shago kusa da tashar mota.

Daga nan firjin ya koma buƙatar dubawa sau biyu a sati. Abba ya dube shi wata rana ta saman jarida ya ce, “Yaro, firjin nan ya fi ni samun kulawa a gidan nan. Idan da magana, ka turo manyanka.”

Saƙonni kuwa ba a magana.

“Likitata, yau wace roba ce?”

“Ta ‘Na gaji’ ce kawai. Kai me ka ci?”

“Ayaba da madara da gyaɗa, kamar yadda aka umarce ni. Ko ciwo ba na yi, amma ban taɓa samun sauƙi irin na bana ba.”

“Daɗin baki. Ka sha ruwa.”

Ya je ya yi gwajin jini tun kafin ta tambaya, ya kawo mata takardar, babu abin da zai hana aurensu. Ta daɗe tana kallon takardar nan, sannan ta ce, “Saura Umma.”

Umma, mahaifiyarsa, shekara talatin ta yi tana shugabantar kicin ɗin wata makarantar kwana, ɗalibai ɗari huɗu suna ci daga hannunta. A wurinta girkin da bai kai tukunya uku da gumi ba, wasan yara ne. Da ya kawo mata maganar Auta, ta saurare shi har ya kai aya.

“Babana, ba ƙin 'yar mutane nake ba, tsoro nake ji. Mace yau lafiya gobe kwance, wa zai riƙe maka gida? Abincin roba za ka ƙare a kai? Wannan ai girkin gwauraye ne. Ga 'yar aminiyata nan, lafiyayya, hannunta kamar nawa.”

Ya yi lallashi, ya turo kawunsa, duk a banza. Umma idan ta kafe, sai dai a kewaye ta.

Ana cikin haka santsi ya kwashe ta a bakin famfo, hannun dama ya karye a wuyan hannu. Aka naɗe shi da filasta, aka ce sati shida.

'Yar aminiya, Allah ya saka mata, kullum sai ta aiko da manyan kuloli uku. Sai dai murfinsu na murɗawa ne, sai da hannu biyu. Shi ya fita aiki tun safe, ita kuma Umma ta gwammace ta wuni tana harara da kula a kan ta ƙwanƙwasa wa maƙwabta su buɗe mata. Idan ya dawo ya buɗe, ta ɗanɗana ta ture, ta ce mai ya yi yawa. Magani take sha a kan cikin da babu komai, cikin kwana goma ta zabge.

Ya rubuta wa Auta: “Likita, Umma ta ƙi cin abinci. Ko za ki dafa wani abu in kai mata?”

Amsa ta zo: “Kada ka kai mata girkin kowa. Ba yunwa kaɗai ke damunta ba, kewar kicin ɗinta take yi. Sauko mata da ƙaramar tukunya, ka sa mata kujera gaban murhu. Jiƙa tsumma ka shimfiɗa a ƙarƙashin kwano, ba zai zame ba. Almakashi maimakon wuƙa. Kafin ka fita ka sassauta mata duk wani murfi, ka yanka albasa mai yawa ka ajiye. Sauran ka bar mata.”

Yana karanta wa Umma, ta leƙo wayar ta ga sunan da ke sama.

“Likitar asibitin ce?”

Nan ne ya kamata ya faɗi gaskiya. Amma ya ga karon farko cikin kwana goma ta gyara zama tana saurare, sai ya ce, “E, likita ce.”

“Ka ce mata hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.”

Ya rubuta. Amsa ta dawo: “Gaskiya ne, Umma. Amma mu ba jinka za mu ci ba, shinkafa ce.”

Umma ta yi dariya har da tari, ta ce a sa mata lambar a wayarta.

Washegari ta dafa shinkafa da kifin gwangwani a tukunya ɗaya, ta cinye tas. Ranar da ta biyo baya dankali, ta tsame shi da matsami don kada ta ɗaga tukunyar ruwan zafi, ta murƙushe shi da ƙwai da ɗan man shanu. Ita tana aika saƙon murya, Auta tana amsawa a rubuce. Kumatun Umma suka fara dawowa, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin “Likita ta ce”.

Auta kuwa farin ciki kamar ta taka rawa, don a zatonta Umma ta san da wa take magana. Har ta ce wa yayarta, “Yaya, kin ga ikon Allah? Jiya Umma ta kira ni 'yarta.”

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A sati na uku, Auta tana hutun rana a shago, saƙon murya ya shigo.

“Likita, 'yata, wani taimakon nake nema. Ɗan nan nawa ya liƙe wa wata yarinya mai sikila, wai ita zai aura. Ku yana jin maganarku. Ki ja masa kunne, don Allah.”

Sau biyu ta saurara. Ta shiga ɗakin gwajin ido ta rufe ƙofa, ta yi kukan da ko ciwo bai taɓa sa ta yi ba. Sannan ta wanke fuska ta rubuta masa:

“Sati uku ina murna ta karɓe ni, ashe sunan aro ta karɓa. Ni ban taɓa ɓoye ciwona ba, kai kuma ka ɓoye ni. Kada ka kira ni.”

Ya kira sau goma sha ɗaya, ba ta ɗaga ba. Sai ta rubuta wa Umma:

“Umma, ki yi haƙuri. Ni ce yarinyar. Ni ba likita ba ce, tabarau nake sayarwa, ɗanki ne yake tsokanata da sunan, kuma na ɗauka kin sani. Duk abin da na faɗa miki, a ranakun ciwona na koye shi. Ba zan shiga tsakaninki da ɗanki ba. Idan kin dafa waken gobe ki raba shi huɗu, ki ci ɗaya ki daskarar da uku. Allah ya ƙara sauƙi.”

Da ya dawo da yamma ya tarar da Umma zaune da waya a cinya. Kafin ya gama sallama takalmi ya same shi a kafaɗa, da hannun hagu kuma, ba kuskure.

“Ka bar ni na ci mutuncin yarinya a cikin kunnenta? Yarinyar da ta tashe ni zaune?”

Ya durƙusa yana ba da haƙuri. Kwana huɗu ba ta yi masa maganar ba, shi ma bai ga fuskar tambaya ba.

A kwana na biyar jikin Auta ya tashi, damuwa ta taso da ciwon. Tana kwance a falo cikin bargo da hantsi, ta ji sallamar wata murya da ta sani sarai. Ta yunƙura za ta tashi.

“Koma ki kwanta.”

Umma ce tsaye, hannun dama a rataye a wuya, na hagu riƙe da ƙaramar tukunya naɗe cikin tawul. Ɗanta yana can bakin ƙofa yana raɓe-raɓe, an hana shi ko taɓa tukunyar.

“Ni na dafa, da hannuna ɗaya,” in ji Umma. “Romo ne da shinkafa da karas, ya yi laushi. Sai dai ke ma ki ji nawa: albasarki ki riƙa ɗan soya ta kafin ki daskarar, ta fi ƙamshi.”

Ta zauna a gefenta ta zuba mata. Sai da Auta ta kai cokali uku sannan Umma ta sake magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

“Shekara talatin ina ciyar da masu lafiya, na ɗauka na gama sanin girki. Kwana goma kacal na yi ina kallon abinci ban iya kai shi baki ba, na ji abin da ban taɓa ji ba. Ke kuma tun tasowarki kike fama, kika mayar da shi ilimi, har kika ciyar da wadda ta ƙi ki. Ki yafe min, 'yata. Na gode.”

Hawaye suka zubo wa Auta. Abba da ke tsaye a ƙofar ɗakinsa ya yi gyaran murya ya ce, “Kai kuma mai firji, shigo mana, ai an yi maka afuwa.”

“Ban ce ba tukuna,” Auta ta faɗa tana share ido.

“Likita, tuba nake.”

“Sunan nan ne ya jawo maka, kuma ba ka daddara ba.”

Sai da ta ja masa aji na sati guda cur, yana aiko saƙo safe da rana, kafin ta rubuta masa: “Na haƙura, Injiniyana. Amma daga yau duk inda za ka faɗi sunana, ka faɗe ni yadda nake.”

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yar aminiya ce ma ta jagoranci girkin taron, da zuciya ɗaya, kowa ya ci yana santi.

Ana tsakiyar hidima wata gwaggon ango ta matso kusa da Umma, tana magana da murya irin ta masu raɗar da kowa ke ji.

“Amarya dai tubarkalla. Amma ran da ta kwanta, wa zai dafa masa?”

Umma ta ɗaga hannunta da aka kwance wa filasta.

“Nasa hannun karyewa ya yi? Nawa ne ya karye, kuma ban kwana da yunwa ba.”

Mata suka kwashe da dariya, gwaggo ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

Da aka kawo amarya gabanta, Umma ta haɗa hannunta da na ɗanta ta riƙe.

“Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku haƙuri da juna ranar ƙarfi da ranar gajiya, ya sa tukunyarku kada ta bushe, ya ba ku zuriya mai jin ƙai.”

Ɗaki ya amsa da amin. Sannan ta sunkuyo daidai kunnen amarya.

“Saura sharaɗina ɗaya. Ran da jikin ya ƙi, kada ki ce min lafiya lau, kada kuma ki ba ni haƙuri. Ki kira ni tun kafin ki kira shi.”

Auta ta saba mutane su so ta a ranakun da take da ƙarfi, su yi haƙuri da sauran. Yau ga wadda take roƙon a ba ta sauran. Ta kifa kanta a cinyar Umma, godiya ta cika mata ƙirji.

“Kin ji ko ba ki ji ba?”

“Na ji, Umma. Zan kira.”