Matar Banki Mai Hannu Goma Sha Biyu

Odessa na kicin tana soya kifin mutum ɗaya, waya maƙale a kafaɗarta, banki ya sa mata kiɗan nan na jira. Wata bakwai tana shan kiɗan. In ya kauce, ita take gyara musu.

Layinsu, can bayan garin Fort Myers, gida goma sha biyu ne, banki ya kwashe sha ɗaya. Ciyawa ta yi tsawon da wani ɗan sanda ya shiga neman kare bara, an ce har yau bai fito ba. Kada ya tare a tafkin wankan maƙwabta, shi kaɗai take yi wa ina kwana. Mijinta Wendell mai rufin gidaje ne. Da gini ya tsaya, sai ya tafi rijiyoyin mai na North Dakota, inda sanyi ke daskarar da magana tun tana baki.

Sai ga mahaifiyarta, Mama Verna, ta banko ƙofa da takarda a hannu.

"Ke Odessa! Wannan da na ciro a ƙofarki fa? Katin biki ne?"

Sammaci ne. Banki ya kai su kotu zai karɓe gidan, wai wata goma ba su biya ko sisi na bashin gidan ba.

"Mama, su suka ce a waya mu daina biya wata uku, sannan su rage mana. Muka daina. Suka yanka sabon kuɗi, Wendell yana tura musu duk wata daga can!"

"Kin gani da idonki?"

Odessa ta koma juya kifinta.

"Banki ba ya ƙarya, 'yar nan, kwamfuta gare su. Namiji kuwa, shi kaɗai, a garin sanyi, da kuɗi a aljihu? Haba! Tattara ki dawo ɗakinki. Lauyan da ya raba ni da ubanki yana nan, har ragi zai yi miki."

Bayan ta fita Odessa ta kira mijinta. Iska na kuka a bayan muryarsa.

"Dessa, na rantse da Allah na tura. Gwangwanin wake nake ci a cikin mota don in tura."

"To ina kuɗin, Wendell? Takardar har da tambari!"

"Ni kuma ba ni da tambari, ko?" ya ce a hankali. Ya kashe.

Ta yi kuka har kifin ya ƙone. Kwana tara bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. Mama Verna kuwa kullum sai ta kira, ta tambayi akwati nawa za a kawo.

Ranar Asabar Odessa ta ɗauko injin yankan ciyawa. Da ma takan yanke ta gaban gidajen da aka bari, don kar macizai su ɗauka sun gaji layin. A ƙofar gida na farko rana ta gasa irin takardarta. Ta duba ƙasan takardar: Darlene Kimbrough, mataimakiyar shugaban banki, ta rantse ta binciki fayil da kanta. Sunan da ke tata takardar ke nan. Amma a tata, sa hannun kamar tana ce ta ratsa laka. A nan kuwa kamar wayar shinge. Gida na gaba, kamar na ɗan aji biyu. Ta bi layin ƙofa ƙofa, ta haɗa da tata: Darlene ɗaya, hannu goma sha biyu!

Ta zauna a dakalin gidan ƙarshe ta daɗe. Wanda ya yi rantsuwar ƙarya a kan sunansa, me zai hana shi a kan mijinta?

Ran Litinin ta kai wa Lauya Ibarra, wata gajeriyar mata mai tsaya wa talakawa kyauta. Lauya ta baje takardun a tebur ta yi fito.

A kotun nan, alƙali kan raba mutum da gidansa kafin kofin shayinsa ya huce. Amma da aka jera masa takardun, sai ya cire tabarau ya dubi lauyan banki.

"Wacce ce Darlene ɗin a ciki? Ko kifin tekun nan mai hannu takwas kuka ɗauka aiki?"

Lauyan banki ya kama tari. Alƙali ya ce a kawo littafin biya. Da aka kawo, ga kuɗin Wendell nan, wata bakwai cif, an jibge su a wani asusun gefe ba a lissafa ba. Aka kori ƙarar, banki ya koma kan alkawarinsa na ragi.

"Ni fa tun farko na ce yaron nan yana da fuskar amana," in ji Mama Verna a bakin kotu, ba tare da ta ƙifta ido ba.

Odessa ta koma gefe ta kira.

"Wendell... ka yafe mini."

Can ya ja hanci.

"Gidan yana nan?"

"Yana nan."

"Ke fa?"

"Ina nan."

"To ki jira ni zuwa bazara, Dessa. Kar ki bari Mama ta sayar da gefena na gado."

Ta jira. Bazara ta zo, shi ma ya zo, ya rame kamar sandar tsintsiya, ta ciyar da shi har ya dawo mutum.

To 'yan mata, kun dai ji. Haƙuri ba zama a kicin ana kuka ba ne. Ki tashi ki duba da idonki. Kuma kar takarda ta raba ki da mutumin da kika sani, don tambari ko a kantin kwana sai a sassaƙa miki.