Ƙyauren Fiffiken Jirgi

Bayan sallar magariba ne, Maimuna na kwashe tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo cikin tukunya. Ta ɗaga kai. Babu kowa bayan darni. Garin Issawane ya yi tsit irin na shekarar fari, lokacin da ko awaki ba su da ƙarfin kuka. Dutse na biyu ya bugi ƙyauren ɗakinta, ƙarfen ya daɗe yana amsawa.

Ƙyauren nan ɓallin fiffiken jirgin sama ne. Ɗanta Ƙadri ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, ya samu aiki wurin masu jiragen kai abincin agaji, shi ke auna kaya kafin a tashi. Wata rana da zafin azahar jirginsu ya taso daga filin Tasawa, ya kasa yin sama, ya daki wani gawo, ya kama da wuta. Sojoji suka ce ƙaddara ce, suka hana tambaya. Mijin Maimuna, Na Allah, ya je bai samu gawa ba, sai ya ɗoro ƙarfen a amalanke ya kawo gida.

Tun daga yammacin da dutse ya faɗo tukunya jifa ba ta fasa ba. Da rana ta faɗi sai warin esansi, wato fetur, ya cika gidan. Sannan 'yarsu Furera ta faɗi bakin murhu tana gurnani kamar inji, idanunta a kafe. Na Allah ya tafi Gidan Amumune ya zo da Malam Sanda, dattijo mai ruƙiyya.

Malam ya zauna gefen tabarma ya yi ta karatu har inuwa ta rufe tsakar gida. Can Furera ta tashi zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dushe.

"Bari ƙona ni, Malam. An riga an ƙona ni."

"Ke wace ce? Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Gawon nan gidana ne. Ɗiyana biyu na barci cikinsa sa'ad da jirgin ya dake shi. Jininsu na bisa ƙarfen da kuka yi ƙyaure da shi, kullum ana buɗewa ana rufewa."

Na Allah ya sunkuyar da kai. Malam ya ce babu wanda ya nufe ta da sharri, hatsari ne.

"Ina kallo," in ji muryar. "Matuƙin ya ce dokar jirgi ta ƙayyade nauyi, kuma iskar zafi ba ta ɗaukar kaya, kada a ƙara ko kilo. Da ya tafi shan ruwa, ɗanku ya cusa buhunan dawa can baya. Na ji shi yana cewa innarsa ta aiko, wai anza suke ci, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci."

Maimuna ba ta yi kuka ba. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, don ita ta ba wani mai raƙumi wannan saƙon.

Malam ya tambayi aljanar abin da zai sa ta fita. Ta ce rai take so a madadin rai. Ya ce gidan nan ma an ba da rai, ya ci gaba da karatu. Daga ƙarshe ta ce a mayar mata da ƙarfen gindin gawon, a rufe shi da ƙasa.

"Tsaya," Maimuna ta ce. "Ɗana ya sha wuya?"

"Bai daɗe ba. Ya yi kalmar shahada."

Furera ta yi atishawa ta zube, ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Washegari suka kwance ƙyauren suka ɗora a amalanke. Na Allah ya ce Maimuna ta zauna, hanyar da nisa, ta ƙi. Da suka isa filin Tasawa suka tarar da kututturen gawon baƙi ƙirin a ƙarshen fili. Na Allah ya haƙa rami ya binne ƙarfen ya koma gefe.

Maimuna ta cire takalmanta kamar mai shiga gidan makoki, ta durƙusa gaban kututturen.

"Baiwar Allah," ta ce a hankali, "ya haƙuri?"

Ta zauna nan har la'asar, Na Allah bai ce ta tashi ba.