Dariyar Usama

Ranar Talata, rana ta kusa faɗuwa a Anka, Saude ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta ɗora kwamfutarta a kan kujera 'yar tsugunno. Da azahar ta karɓo ta daga shagon Jamilu mai gyara, wanda ya wanke ta tas, ya goge duk abin da ke ciki, saboda bairos. Wannan bai dame ta ba. Aikinta ke nan a asibiti, adana bayanan marasa lafiya, kuma ba ta taɓa barin abu a wuri ɗaya ba. Ta jona faifan ajiyarta, ta mayar da komai mazauninsa, ta kashe, ta sake kunnawa.

Kwamfutar ba ta tashi ba. Fuskarta baƙa wuluk, sai wani ɗan farin layi a kusurwa yana ƙiftawa.

Abin da take son kallo bai kai minti ɗaya ba. Bidiyon ɗanta Usama ne, yana gudu yana dariya a gindin tsamiyar bayan gidan kakarsa a Dareta. Ta ɗauke shi da waya wata almuru, mako uku kafin gubar dalma ta yi ajalinsa. Shekara biyu ke nan kullum sai ta kalla kafin magariba.

Ta cire batir, ta danne maɓalli har ta ƙirga talatin. Ta canza soket. Ta zare faifan ta sake gwadawa. Kowanne sai ta rubuta a littafinta, ta ja masa layi.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin ɗaki.

Wani ya biyo. Na uku ya gangaro gabanta, ta ɗauka. Da ɗumi, kuma irin dutsen da ake niƙawa a Dareta ne a fitar da zinari. Kaji suka yi tsit. Nusaiba, 'yarta mai shekara goma sha biyar, tana tahowa da buta. Ta aje butar a hankali, ta durƙusa gaban kwamfutar, ta zuba mata ido. Saude ta kira ta sau uku kafin ta lura: duk ƙiftawar farin layin nan, idon yarinyar yana ƙiftawa tare da shi.

Kwana uku Nusaiba ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Saude ta naɗe kwamfutar a zane za ta mayar wa Jamilu, tana kaiwa zaure numfashin yarinyar ya sarƙe, dole ta dawo da gudu. Ta rufe murfin, yarinyar ta sandare. Saude ba ta je aiki ba, ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Duk magariba duwatsu.

Ran Juma'a bayan la'asar Malam Labbo, aminin mahaifin Saude, ya iso daga Gummi a kan mashin. Ya yi alwala, ya zauna nesa kaɗan, ya kama karatu ba gaggawa. An daɗe. Sannan bakin Nusaiba ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito, a gajiye.

"Bari ƙona ni, Malam. Ba faɗa niz zo ba."

"Wace ce ke? Mi kike nema ga ɗiyar mutane?"

"Uwa ce ni, kamar waccan. Ɗana na cikin akwatin ga. Gindin tsamiya suna wasa da nata, tad ɗaga ƙarfen hannunta tad ɗauke su su biyu. Shekara biyu ina bin shi. Da mai gyara yaw wanke akwatin, hannunshi guda yaf fito, na kama. Sai ita ta mai da shi ciki. Ni ko ban saki ba."

Saude ta dubi farin layin. Ya bayyana, ya ɓace, kamar abin da ake ja ta gefe biyu.

"In ba ta sakin shi, ta bar min wagga," in ji muryar. "Ɗa a madadin ɗa."

"Ba ki da haƙƙi ga yarinya ko na ƙwayar gero," Malam ya ce. "A sakam miki naki, ki fita, ki rantse da Wanda ya halicce ki ba ki komowa."

"Na rantse. Wuri biyu ta ɗaure shi: akwati da faifai."

Malam ya juyo. "Saude, haka na?"

Saude ta san ba biyu ba ne. Akwai na uku: ɗan memorin waya, a naɗe cikin hular Usama a ƙasan akwatin kayanta. Ba wanda ya sani, har aljanar. Ta dubi leɓen Nusaiba da ya tsattsage. Ta tuna shekara biyun da wata uwar ta yi tana bin ɗanta ƙofa zuwa ƙofa. Ta tashi ta shiga ɗaki.

"Uku ne, Baba," ta ce, ta miƙa memorin. Sannan ta fuskanci muryar. "Ki sassauta hannu kwamfutar ta tashi. Sau ɗaya zan kalla."

Fuskar kwamfutar ta haskaka.

Ga Usama yana gudu, rigarsa a baibai, yana waiwaye yana ƙyalƙyala dariya. Sau ɗaruruwa ta kalla tana zaton ita yake waiwaya. Yau ta ji wata 'yar siririyar dariyar a bayan tasa.

Ta goge na kwamfuta. Ta goge na faifai. Memorin kuwa ta sa shi a murhu da hannunta.

Nusaiba ta yi atishawa ta zube a jikinta. "Inna, ƙishirwa nike ji."

Ana kiran magariba, Saude na riƙe da moɗa, ta ji sawun yaro a bayan katanga yana gudu yana nisa. Ta kasa kunne ko za ta ji na biyu, na Usama. Sawu ɗaya ne.