Namijin da Na Goya

"Ke mai jar riga, tashi ki gaya mana laifinki."

Na miƙe. Ba Malama Amparo nake tsoro ba, tsohuwar da ke koyar da mu masu laifin tuƙi don a rage mana tara. Wanda ke zaune a layin baya ne ya ruɗa ni.

Wílmar. Saurayina, ko in ce wanda ya kasance saurayina kafin ya aiko min da saƙo cewa an fasa biki, ya kashe waya. Me ya kawo shi nan?

"Namiji na goya a babur," na ce a hankali.

Ajin ya ɗau shewa. Duk birninmu na Cali an san an hana goya namiji a babur saboda 'yan fashi. Mace kam goya abarki.

"Ƙanwata, da ni kika goya ai da na biya miki tarar," in ji wani direban bas.

Malama ta harare shi. "Rufe mana baki. Kai na baya fa?"

Wílmar ya tashi, ko kallona bai yi ba.

"Danja na tsallake."

"Saurin me kake yi?"

"Ita nake bi."

Kaina ya ƙara ɗaurewa. Ashe ranar yana bayana?

"Yesenia ce ta kira ni," ya ce. "Ta ce in fito in ga matar da zan aura da wani ƙato ya rungume ta. Na kuwa gani. Hular kwano ta rufe masa fuska, amma na ga hannuwansa a ƙugunki, Maryuri."

Yesenia! 'Yar maƙwabtansu, wadda mahaifiyarsa Doña Fabiola ta fi so ya aura, don wai ni 'yar kai saƙo ce a babur, ba ni da nutsuwa.

"Wane ne?" ya tambaye ni.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Alkawarinsa ya fi nawa ke nan?"

"Masoyina, ba haka ba ne..."

"To yaya ne?"

In na faɗa na tona asirin dattijon da na goya, in na yi shiru na rasa Wílmar. Hawaye kawai na ji suna zubo min.

"Ni dai dokar hanya aka ɗauke ni in koyar," in ji Malama Amparo, amma sai ta ja kujera ta zauna.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Don Efraín ne, mahaifin Wílmar, hularsa a hannu, yana haki.

"Baba? Kai ma an ci ka tara?"

"Ni ya kamata a ci. Yanzu uwarka ke gaya min ka fasa aure, wai har an tura ku aji ɗaya. Ni yarinyar nan ta goya."

Wílmar ya yi sororo.

"Kai? Ina za ka?"

Tsohon ya dubi ƙasa, ya murza hular.

"Koyon rawa."

"Baba, ciwon gwiwarka fa?"

"Lafiyarta lau. Ban iya ba ne kawai."

Haifaffen Cali, garin da kowa ke tinƙaho da rawa, da furfurarsa, bai iya rawar salsa ba! Direban bas har ya dafe ƙirji.

"Tun ina saurayi nake fakewa da gwiwar nan, uwarka ma ba ta sani ba. Amma Maryuri ba ta da uba. Ranar biki wa zai fara fita fili ya yi rawa da ita a matsayin uba? Na ce ko zan karye sai na koya. Na makara ne ranar, na matsa mata ta ɗauke ni."

Ni kaina ban san wannan ba. Ce min ya yi likita ne ya sa shi motsa jiki, yana jin kunya a sani. Kuka ya ƙwace min.

Wílmar ya tsallako kujeru ya durƙusa a gabana.

"Rayuwata, ki yafe min. Kishi ne ya rufe min ido."

"Mamarka fa?" na tambaye shi.

"Bar min Fabiola," in ji Don Efraín. "In ta ji labarin gwiwa, ni za ta sa a gaba, ta manta da ke."

Da aka tashi, Wílmar ya biyo ni wajen babur yana murmushi.

"Sauke ni gida mana, amaryata."

"Ba ka ji darasi ba? Namiji ne kai."

"To ni in tuƙa."

"Mai tsallake danja? Allah ya kiyaye."

Haka muka tura babur ɗin da ƙafa, hannunsa a kan nawa. Don Efraín na biye da mu yana gwada takun rawarsa a gefen titi, yana ta kuskurewa, mu kuwa muka yi kamar ba mu gani ba.