Tauraro Ɗaya Da Tarin Tsohon Jirgi

Ranar da aka fara haska kashi na biyu na fim ɗin Jirgin Wasiƙu, yara sun cika silima har ba wurin aje ƙafa. Katun ne na jiragen sama masu ido da baki, suna surutu kamar mutane.

Can layin baya wani saurayi ya lafe cikin kujera, ya ja hula har gira. A wurin aiki Mai Murya ake ce masa, don sana'arsa ke nan, ɗora wa katun murya. Shi ya yi muryar Tsoho, wani jirgin kaya da ke gab da ritaya. Har ƙarar injin da bakinsa ya yi ta. Ya zo ne ya ji yadda yara za su karɓe shi.

Tsoho na fitowa ya saki tarinsa: "Kuf! Kuf! Tarrr... tuf!"

Silima ta kaure. Yara suka riƙa zamewa daga kujeru don dariya, gugguru na tashi sama. Mutum ɗaya ce ba ta ko murmusa ba, kuma a gefensa take. Budurwa ce mai tabarau, ta haɗe rai tana danna waya.

"Malama, ko haƙori ne ke damunki?" ya tambaya.

"Kunne ne. Wancan jirgin ke yi min tari a ciki."

"Yara kuwa suna so."

"Yara ai har ƙasa suna ci in ba a hana su ba. Wanda ya yi muryar nan, da ni ce uwarsa, maganin mura zan ɗura masa in kwantar."

Ya buɗe baki zai ce ga ɗan a gabanki, sai hasken majigi ya faɗo kan fuskarta. Ya ga ido, ya ga ɗan lotsawar kumatu. Maganar ta koma inda ta fito.

"Gaskiya ne," ya ce. "Mutumin nan bai kyauta ba."

Haka ya zauna yana taya ta zagin kansa har fim ya ƙare. A bakin ƙofa ya nemi lamba, ta ba shi. Da ta tambayi sana'arsa ya ce harkar sauti yake yi. Ita ta ɗauka hayar sifiku yake bayarwa, shi kuma bai gyara mata ba.

Washegari ya kunna rediyo yana goge takalmi, sai ga muryarta. Ashe ita ce Almakashi, mai sharhin finafinai, wadda duk masu harkar ke tsoron bakinta.

"Kashi na farko ya tashi sama," in ji ta. "Na biyun nan kuwa tura shi ake yi. Labarin jiya aka ɗumama aka ƙara masa tari. Tauraro ɗaya na ba shi cikin biyar, shi ma don sanyin silimar yana aiki."

Mai Murya ya shafa baƙin mai a farin takalmi bai sani ba.

Sauran masu sharhi duk suka bi bayanta, kowa ya yanki rabonsa. To, amma yara ba sa jin rediyo. Layin tikiti sai da ya zagaye ginin silima. Duk lungun da ka bi, "Kuf! Kuf! Tarrr... tuf!" Malaman firamare suka fara kai ƙara wurin iyaye, don ana kiran suna a aji sai yaro ya amsa da tari.

Da yamma ya tura mata saƙo:

"Barka da aiki, Tauraro Ɗaya. Na ji yankan da kika yi yau. Ni ko rabin tauraro kika ba ni, na gode, zan rataye shi a ɗakina."

Ta mayar:

"Layin Baya ke nan. Ba na ba da maki sai na ga ƙarshen fim. Amma farkon naka ba laifi."

Ya karanta saƙon nan har batir ya yi ja.

Tun daga nan soyayya ta kankama. Yakan jira ta a ƙofar gidan rediyo da ruwan sanyi, su taka a hankali zuwa tashar mota. Kullum sai ya ƙudurta yau zai faɗa mata, kullum sai wani yaro ya gifta yana tarin Tsoho, ta ja tsaki ta ce, "Allah ya haɗa ni da mutumin nan." Shi kuma ya ce, "Amin," a ciki-ciki.

Ranar da ta ce ya zo gida ya gaida manya, ya sha wanka ya sha turare. Aka zaunar da shi a falo, ta shiga kawo masa lemo. Jikokin gidan suka shigo a guje, hannuwa a buɗe kamar fukafukai, suna tarin Tsoho. Sai dai ɓata shi suke yi. Tarrr ɗin da leɓe suke yinsa.

Ya daure, ya kalli silin, ya kalli agogo. Abin ya gagara, don aikinsa ne ake wulaƙantawa a gabansa.

"Kai, ku zo nan. Ba haka ake yi ba. Daga maƙogwaro yake fitowa. Ku ji." Ya cika ƙirji. "Kuf! Kuf! Tarrr... tuf!"

Sai yaran suka fasa ihu: "Tsoho ne! Wallahi Tsoho ne ya zo gidanmu!" Suka haye shi, wani a wuya, wani a cinya.

Ya ɗaga kai. Ga Almakashi tsaye da tire a hannu. Bayanta kuma ga wani dattijo da tawul a kafaɗa, kumfar aski a rabin fuska.

"Wa ya tayar min da mataccen injin nan a cikin gida?"

Mahaifinta ke nan, Baba Injiniya. Duk ƙuruciyarsa a ƙarƙashin fukafukan jirage ya ƙare ta yana gyara, har ya yi ritaya. Tun ranar da jikoki suka ja shi kallon fim ɗin ya hana gida sakat. Cewa yake injin Tsoho yana da ciwo, kuma duk wanda ya bar jirgi ya tashi da wannan ƙarar ya cancanci ɗauri. Mama ta gaji da gaya masa zane ne.

"Kai ne?" ya nuna Mai Murya da reza.

"Ni ne, Baba."

"Kai ka ɗora wa injin nan buhunan wasiƙu ka tura shi ƙetare duwatsu?"

"Baba, ai katun..."

"Rufe min baki! Mutumin da bai san injin lafiya da na ciwo ba, yaya zai san 'yata na lafiya ko ba ta lafiya? Kuma in abokaina suka tambaye ni aikin surukina, in ce me? Tari yake yi?"

Mai Murya ya fita da yaro ɗaya maƙale a ƙafa, sai a bakin get aka ɓamɓare shi.

Kafin ya kai gida saƙonta ya riga shi:

"Na ce da ni ce uwarsa, ka ce gaskiya ne. Na roƙi Allah ya haɗa mu, ka ce amin. Ka mai da ni abin dariya. Kuma in kana jiran in canza sharhina don kai, ka daina."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, sannan ya tura:

"Kada ki canza ko wasali ɗaya. Fim ɗin ɗumame ne, ni ma na sani. Tsoro na ji, Tauraro Ɗaya. Na ga in na ce ni ne, kujera za ki canza, ni kuwa ban taɓa zama kusa da abin da ya fi ki ba. Ki yafe min. Tarin ne kawai sana'a, son na gaske ne."

Ba amsa.

Ana cikin haka wani da ake ce wa Kyaftin ya samu ƙofa. Shi dai tikitin jirgi yake sayarwa a wani ofishin tafiye-tafiye, amma ya sa tela ya ɗinka masa ratsin zinare a kafaɗar farar riga, kuma ba ya cire baƙin gilashi ko a inuwa. Ya daɗe yana bibiyar Almakashi tana kauce masa. Baba Injiniya kuwa yana yi da shi, wai ko ba komai yana warin filin jirgi.

Mai Murya ya rame. Wata ranar aiki da hantsi, lokacin yara na makaranta, ya koma silima ya zauna a kujerar da ya fara ganinta. Zauren kusan babu kowa. An zo wurin da ake tura Tsoho cikin rumfa, a lulluɓe shi da tampol, sababbin jirage na tashi ba wanda ya waiwaye shi. Sai ya ji ana jan hanci a layin gabansa.

Fitila na kamawa suka yi ido huɗu. Baba Injiniya ne, shi kaɗai, ba jika ko ɗaya, hankici sharkaf a hannu.

"Injin na zo saurara," Baba ya ce da kakkausar murya. "Sanyin nan ne ke sa min ruwan ido."

"Haka yake yi wa kowa, Baba."

"In na ji maganar nan a bakin wani, sai na kwance ka kamar tsohon kafireta."

"Wace magana, Baba?"

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, ya fice.

Mama ce ta gaji da ganin 'yarta na tura abinci gefe. Ta tsare maigida a ɗaki. "Malam, yarinyar nan ko zagin fim ba ta iya yi da daɗi yanzu. Ka kira samarin nan duka biyun ka ji bakinsu, mu huta."

Aka kira su. Kyaftin ya hakimce a kujera ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Mai Murya ya durƙusa a kan kafet. Almakashi da Mama suna bayan labule, jikoki na leƙe ta taga.

"Tambaya ɗaya ce," in ji Baba. "Jirgin nan Tsoho, me ke damunsa?"

Kyaftin ya yi dariyar manya. "Haba Baba, shirmen yara ne fa. Mu da ke harkar sama ba ma kallon irin wannan. Ai ita kanta Almakashi ta gama da shi. Tsohon jirgi irin wancan, amfaninsa ya ƙare, sai a kai wa masu gwangwan su auna. Duk abin da ya tsufa ai sai ya ba da wuri."

Gashin bakin Baba ya motsa. Ya juya ga na ƙasa. "Kai fa?"

Mai Murya ya ga ƙarya ta riga ta ci masa rabin aure, gara ya tsira da sauran.

"Baba, ni ban taɓa matsawa kusa da jirgi ba. Da aka ce in yi ƙarar tsohon inji, sai na je bayan shagon mai aski na unguwarmu na tsuguna gaban janaretansa. Shi na yi ta saurara har na haddace. Abin da kuka ji, janaretan mai aski ne."

Kyaftin ya tuntsire da dariya. Baba kuwa ya matso bakin kujera.

"Janaretan yana ina yanzu?"

"Ya mutu, Baba. Bai daɗe ba bayan nan."

"Mai gyara ya ce me?"

"Wai bawul ne ya ƙone."

Baba Injiniya ya miƙe zumbur har hularsa ta faɗi. "Bawul! Ina uwar yaran nan? Fito ki ji! Me na ce muku? Na ce bawul ne, kuka ce zane ne, kuka ce tsufa ke damuna! To ga shi!" Ya zagaye falo yana tafa hannu, sannan ya tsaya kan Mai Murya. "Sake yi in ji."

"Kuf! Kuf! Tarrr... tuf!"

"Ka ji wurin nan? Tsakanin tarrr da tuf? Nan iska ke gudu. Yaro, ka kwashe ciwon inji da kunnenka, ka kawo shi a baki bai zube ba, har na gane shi daga kujerar silima. Na koyar da yara da yawa a bakin aiki, ban samu mai kunnenka ba. Wanda ke saurara haka, in matarsa ta ce ba komai, zai ji akwai komai."

Ya waiwaya ga Kyaftin. "Kai kuma tashi ka ba da wuri. Ka gaida masu gwangwan."

Jikoki suka raka Kyaftin har get da tari.

"Sharaɗi ɗaya," Baba ya ce. "In za a yi kashi na uku, ba za ka sake tayar da jirgin nan da ƙonannen bawul ba. Za ka riƙa zuwa nan ina koya maka kukan injin lafiya."

"Ko yau a fara, Baba."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Daga bayan labule saƙon ya fito:

"Layin Baya, na ga ƙarshen fim. Jarumin maƙaryaci ne, amma ya tuba da kyau. Na yafe. Kada ka yi tari ranar bikina."

Haka unguwa ta shiga uku. Kullum bayan la'asar sai a ji dattijo da saurayi a tsakar gida suna "Vuuum... rrrrr," Baba na tsawa, "Ƙara mai! Kada ka shaƙe shi!" Maƙwabta har leƙowa suke su ga ko an sayi injin markaɗe.

Ranar biki zauren ya cika, rabinsa yara ne da ba wanda ya gayyata. Ana tsakiyar addu'a janaretan wurin ya yi wata 'yar shessheƙa. Ango da surukinsa suka juya kai lokaci guda.

"Filogi," suka ce tare.

Mama ta dafa kafaɗar amarya. "Sannu 'yar nan. Da ɗaya nake fama da shi, yanzu kin kawo mana na biyu."

A mota, kafin a kama hanyar gidansu, ango ya sunkuyo. "Amarya, yanzu da kika zama matar Tsoho, fim ɗin nan ba zai samu ƙarin ko rabin tauraro ba?"

"Ɗaya na ba shi, ɗaya zai mutu da shi," ta ce, tana gyara masa hula. "Sauran huɗun na riƙe ne, a gida za a yi amfani da su."

Baba Injiniya ya leƙo ta gilashi, idonsa ya kaɗa, ga shi babu sanyin silima da zai ɗora wa laifi. Ya bubbuga rufin motar sau biyu, yadda yake yi wa jirgin da ya gama dubawa.

"Lafiya lau yake, ku tashi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sauke ku lafiya duk inda kuka nufa."

Yara suka amsa da amin, sannan suka bi motar a guje, hannuwa a buɗe.